Daidaita Jinsin Haɗin Gida a Wasan Taka Rawa na Kan Tebur

Daidaita jinsin haɗin gida shi ne auna ƙarfi da raunin wata halitta da ɗan wasa ko jagoran wasa ya ƙirƙiro da kansa, don a iya shigar da ita wasan taka rawa na kan tebur ba tare da ta danne sauran jarumai ba. A irin wannan wasa, wanda Dungeons & Dragons ya fi shahara a cikinsa, mutane kaɗan ne ke zama kewaye da tebur, kowa da takardar jaruminsa. Jagora yana ba da labari, su kuma suna faɗin abin da jarumansu za su aikata. Mai raba gardama shi ne dayis, ƙwaya irin ta lido, sai dai wadda aka fi jefawa fuska 20 gare ta. Kowane jarumi yana da sana'a, kamar mayaƙi ko matsafi, yana kuma da jinsi, kamar ɗan Adam, elf ko dwaf (halittun tatsuniya masu kama da mutum). Jinsin da bai fito daga littafin kamfani ba, wanda aka ƙera a gida, shi ake kira haɗin gida.

Yadda aka faro

Matsalar ta girmi haɗin gidan kansa. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a 1974 ta hannun kamfanin TSR a jihar Wiskonsin ta Amurka, sun ba dwaf da elf baiwar da ɗan Adam ba shi da ita, sannan suka ɗaure musu ƙafa da iyakar mataki, wato matsayin ƙarfin da jarumi ke hawa yayin da wasa ke nisa: dwaf mayaƙi ba ya wuce mataki na 6, elf kuwa na 4 a yaƙi, na 8 a tsafi. Dabarar tana da ɓaraka. Rukunin da wasansu bai yi nisa ba, elf ɗinsu ya ci bulus. Waɗanda suka yi nisa kuma, sai ya tsaya cak yana kallon abokansa suna wuce shi.

Bugu na uku, wanda Wizards of the Coast ya fitar a 2000, ya soke iyakar, ya ba ɗan Adam ƙarin baiwa guda tun daga farko. Jinsuna masu ƙarfi kuma aka ɗora musu harajin mataki. Drow, wato elf na ƙarƙashin ƙasa, ana lissafa shi da ƙarin mataki 2, don haka yakan zauna cikin 'yan mataki na 3 da jinin ɗan mataki na 1, wato yawan bugun da zai iya jurewa, sara ɗaya ya kai shi ƙasa. Kamfanin Paizo ya bi wata hanya a wasansa na Pathfinder: a littafin Advanced Race Guide na 2012 ya sa wa kowace baiwa farashi da maki, jinsunan asali suka faɗo wajen maki 10. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, bai ba da jadawalin farashi ba. Littafin jagora ya ce a kwatanta da jinsunan da ake da su, ya ba da misali da eladrin, wani reshen elf, da aasimar, masu jinin halittun sama. Wannan giɓi ne ya sa masoya wasan suka yi ta ƙera nasu ma'aunan maki a intanet.

Ma'aunin bugu na biyar

Jarumi yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Yawancin jinsuna 9 na littafin 'yan wasa na 2014 suna ƙara 2 a siffa ɗaya, 1 a wata. Ƙarin 2 a siffa yana zama ƙarin 1 a kan dayis, wato kashi 5 cikin 100 na samun nasara. A ido kamar ba komai, amma an gina wannan bugu ne a kan ƙananan lambobi, kuma ana jifa sau da yawa a zama guda. Tafiya ƙafa 30 ce a kowane zagayen faɗa, gajeru irin su dwaf 25. Gani a duhu har ƙafa 60 ya zama ruwan dare, jinsi 6 cikin 9 suna da shi, shi ya sa ba a ɗaukarsa da tsada. Bayan waɗannan sai baiwa biyu ko uku masu matsakaicin nauyi.

Tsafin da jinsi ke zuwa da shi ma yana da tsani. Tiefling, jinsi mai jinin shaiɗanu, yana samun ƙaramin tsafi a mataki na 1, wani a na 3, wani a na 5, kuma na biyun da na ukun sau ɗaya ake amfani da su kafin a yi dogon hutu. Mai haɗin gida da ya bi wannan tsani da wuya ya ɓata.

Abin da ya fi lambobi haɗari

Ƙarin 1 a nan ko can ba kasafai yake rusa wasa ba. Abin da ke rusa shi ita ce baiwar da ke share wani nau'in cikas gaba ɗaya. Tashi sama shi ne babban misali. Aarakocra, mutanen tsuntsu da aka fitar a 2015, suna tashi ƙafa 50 tun daga mataki na 1, alhali matsafi sai ya kai mataki na 5 yake samun tsafin tashi, na minti 10 kacal. Jagora ya kwana yana tsara rami, katanga, karyayyar gada da garken kyarkeci, sai ɗan wasa ɗaya ya ɗaga sama da baka yana harbi, babu mai taɓa shi. Jagorori da yawa sun haramta jinsin a teburinsu, kuma a 2022 kamfanin Wizards of the Coast ya rage saurin tashin zuwa daidai da na tafiya. Haka aka yi da yuan-ti na 2016, mutanen maciji, waɗanda guba ba ta cin su sam, suna kuma jefa dayis biyu su ɗauki mafi girma duk lokacin da aka jefe su da tsafi. Jifa biyu ba ƙaramin abu ba ne: inda damar tsira take rabi da rabi, tana komawa 75 cikin 100. Yuan-ti ɗin ma daga baya an rage musu ƙarfi.

Girman jiki wani tarko ne. Babbar halitta tana cin murabba'i 4 a kan taswira maimakon 1, tana tare ƙofa, ɓarnar makaminta kuma ninkin ta kowa ce. Saboda haka ko mutum-doki da aka ba 'yan wasa a 2018 an bar shi a matsakaicin girma, duk da cewa na littafin dodanni babba ne.

Raunin da ba rauni ba

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne sayen baiwa da raunin da ɗan wasa zai iya kauce wa. A ɗauka wani ya ƙera mutanen kada. Ya rubuta: ƙarin 2 a ƙarfi, 2 a juriya, fata mai taurin sulke, cizo da ake auna ɓarnarsa da dayis mai fuska 10, iyo, riƙe numfashi awa guda, gani a duhu. Da aka ce ya yi yawa, sai ya cire 2 daga kwarjini ya ce an yi canjaras. Ba a yi ba. Wanda zai zaɓi kada mayaƙi zai yi, kuma idan aka zo fadar sarki abokinsa mai zaƙin baki ne zai yi magana, shi yana tsaye a baya. An ba shi doki, an karɓi sirdin da dama ba zai hau ba.

Gyaran yana farawa da neman ɗan'uwa mafi kusa a littafi, a nan mutanen ƙadangare na 2016: ƙarin 2 da 1, fata mai makin kariya 13 haɗe da ƙarin zafin nama, cizo na fuska 6, numfashi minti 15, babu gani a duhu. Sai a tambayi mai haɗin wane abu ɗaya ne ya sa kada ya zama kada. Idan ya ce kamun da ba ya saki, a ba shi wannan, a iyakance shi ga 'yan lokuta kafin hutu, sauran a saukar da su daidai da na ƙadangare. Raunin gaske kuwa shi ne irin na drow na littafin 2014, wanda hasken rana ke dagula wa hari da gani, amma shi ma yana da illa, domin yakan tilasta wa dukan rukuni tafiyar dare. Rage siffa dai kamfanin da kansa ya watsar da shi: a 2020 ya cire ragin da ya yi wa jinsunan orc da kobold.

Gwaji a tebur

Ma'aunin maki yana kama babban kuskure, amma ba ya ganin yadda baiwa ke haɗuwa da sana'a. Fata mai tauri ba ta ƙara wa mai sulken ƙarfe komai, ga matsafin da ba ya sa sulke kuwa arziki ce. Don haka masu gogewa kan gina jarumi uku ko huɗu da jinsin, ciki har da sana'ar da ta fi cin riba, su gwada a mataki na 1, na 5 da na 11, inda ƙarfin jarumai ke yin tsalle. Suna kuma tambayar kansu ko akwai dalilin da zai sa wani ya ƙi wannan jinsi ya zaɓi na littafi. Jagora mai hankali yakan faɗa wa ɗan wasa tun kafin zaman farko cewa ana iya rage wani abu bayan zama biyu ko uku, saboda ƙwace baiwa a tsakiyar labari ya fi jawo ɓacin rai.

Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ba kowa damar mayar da ƙarin siffa inda ya so. Bugun 2024 ya ɗauke ƙarin daga jinsi kwata-kwata ya mayar da shi kan tarihin rayuwar jarumi, ya kuma sauya kalmar da ake kiran jinsi da ita, saboda kusancinta da batun launin fata. Mai haɗin gida a wannan tsari girman jiki, saurin tafiya da 'yan baiwoyi kawai suka rage masa ya auna.