Tsohuwar Motar Gida Mai Ja da Ƙafa Huɗu a Karkarar Kano da Jigawa

Mota mai ja da ƙafa huɗu ita ce wadda injinta ke iya tura tayoyin gaba da na baya a lokaci guda, saɓanin yawancin ƙananan motoci da tayoyi biyu kaɗai ke ja. A ƙauyukan Kano da Jigawa, tsofaffin motoci irin wannan, wato Land Rover da Land Cruiser da akori-kura ƙirar Hilux, sukan zama dukiyar gida guda: su ke kai taki gona, su kwaso amfani da kaka, su kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ranar biki kuma su kwashi 'yan rakiyar amarya. Ba tsufa ne ke kashe yawancinsu ba. Ƙura da zafi da ruwa da lodi ne ke cin su, sai kuma rashin tsayayyen mutum ɗaya da alhakin motar ke wuyansa.

Asali

An fara nuna Land Rover a 1948 a baje kolin motoci na Amsterdam, kuma ita ce motar da jami'an En'e da malaman gona da na asibiti suka riƙa shiga daji da ita a Arewa. Ƙirar Series III, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985, ita ce aka fi cin karo da ragowarta a bayan gidaje. In aka ga mai sitiyari a dama, akasari ta girmi 1972, shekarar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Toyota ta raɗa wa motarta sunan Land Cruiser a 1954. Jerin 40 ya yi zamani daga 1960 zuwa 1984, sannan jerin 70 ya gaje shi, kuma har yau ana ƙera shi. Hilux ta fito a 1968, amma sai a 1979 aka yi mai ja da ƙafa huɗu. Akori-kurar Peugeot 504, ta kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ta yi tashe ƙwarai a hanyoyin kasuwa, sai dai tayoyin baya kaɗai ke janta, shi ya sa ba ta cikin wannan rukuni.

Kaɗan ne daga cikin motocin nan aka saya sababbi. Wasu sun fito daga gwanjon ma'aikatu da hukumomin raya karkara, wasu kuma 'yan Kwatano ne.

Yadda take ja

A bayan babbar giya akwai ƙaramin akwatin giya da ke raba ƙarfin inji zuwa furofela biyu, wato sandunan ƙarfe da ke kai ƙarfin ga tayoyi, ta gaba da ta baya. Shi ne direbobi ke kira ogzilari. Yana da matakin gudu da matakin ƙarfi. Na biyun shi ne na hawan dutse, irin na wajen Riruwai a Doguwa, da na fita daga taɓo. A tsohuwar Land Rover, sanda mai rawayan kai ake dannawa ƙasa don haɗa ƙafa huɗu, a ja mai jan kai baya in ana son matakin ƙarfi. A yawancin Hilux da Land Cruiser kuma sai an sauko an murɗa hob, wato makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, da hannu kafin gaban ya kama.

Ba a tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta da irin waɗannan motoci. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara, kuma in babu yashi ko laka da za su ɗan sulɓe a kai, ƙarfin sai ya taru a cikin giya da aksul har wani abu ya karye. Kishiyar wannan ma illa ce: in aka shekara ba a sa ogzilari ba, kayan gaba sukan bushe. Ƙa'ida ita ce a kulle hob sau ɗaya a wata, a yi 'yan kilomitoci a hanyar burji.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a garejoji, ta kwance furofelar gaba a jefar da zarar ta fara ƙara, wai don a rage shan mai. Mai sayen tsohuwar mota ya leƙa ƙarƙashinta tun kafin a yi ciniki, domin da yawa suna ne kawai ya rage musu.

Tayar da wadda ta daɗe a ajiye

Yawancin masu farfaɗo da motar mahaifinsu da fenti da kujeru suke farawa, saboda su ido ke gani. Wannan baibai ne. Shasi ake fara dubawa, domin inji da giya ana sayen wasu, amma shasin da ya ruɓe ya gama da motar. Ana wanke ƙarƙashinta tas, a bi ƙarfen da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa: lafiyayye yakan yi amo, wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa ƙararsa a dushe take, wani lokaci ma gudumar ta burma. Wuraren da aka fi samun ɓarna su ne inda sifirin ke maƙale, da ƙarfen da ya gitta a can baya, da duk lungun da laka ke kwana. Land Rover tana yaudarar mai saye a nan, don bodinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, alhali shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba na ƙarfe ne.

In shasi ya tsira, sai inji. Motar da ta shekara biyar a gindin darbejiya ba a ɗaura mata batir a yi kik. Ana zubar da tsohon man da ke tanki, a wanke tankin, a sauya filta. Ana kwance fulogi, ko nozul in mai shan gas ce, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da sifana a hankali a ji ko ya saki. Kafin nan an buɗe bututun iska da salansa, saboda zanzaro yakan yi gini a ciki, ɓera kuma ya tara tsumma da gyaɗa, ya gaigaye waya a hanya. Sau da yawa gobarar da tsofaffin motoci ke yi daga irin wannan waya take tashi, ko daga fis ɗin da aka ƙone aka maye gurbinsa da zaren waya.

Bayan ta tashi, hayaƙinta zai ba da labari. Shuɗi alama ce ta tana cin baƙin mai, wato ringi ya gaji. Baƙi na nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma sau tari matatar iska ce ta toshe ko nozul ke zuba. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, musamman in ruwan lagireto na raguwa, yana nuni ga gaskit. Ba kowane hayaƙi ke buƙatar garambawul ba, ko da bakanike ya ce sai an sauke inji.

Injinan da aka fi samu sanannu ne: mai lita 2.25 na Land Rover, 22R mai shan fetur da 3L da 5L masu shan gas a Hilux, sai 1HZ mai silinda shida da lita 4.2 a Land Cruiser tun 1990. 22R sarƙa ce ke riƙe masa tayimin, amma 3L da 5L da 1HZ bel ne na roba, wanda ake sauyawa a wajen kilomita 100,000. Tunda mitar yawancin motocin ta daɗe da mutuwa, a sauya shi kawai ranar da aka tayar da motar, don in ya tsinke a kan tafiya fistin da bawul ne za su yi karo.

Birki ke biye. Man birki yana shan danshi, don haka ake juye shi duk shekara biyu, tare da duba robobi da tiyo. Fenti shi ne na ƙarshe.

Zafi da ƙura

A watan Afrilu zafin Kano da Jigawa yakan haura digiri 40. Da zarar allura ta fara hawa, abin da mai mota ya saba ji shi ne, "Alhaji, a cire tamostat ɗin nan kawai, na ƙasar sanyi ne." Cire shi ɓoye cuta ne. Aikinsa shi ne riƙe inji a zafin da aka ƙera shi a kai, digiri 80 da 'yan kai. In babu shi, injin yakan yini bai ɗumama ba da sanyin hunturu, ya ƙara shan mai, silinda ta riƙa cinyewa. A wasu injinan ma ruwan sai ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai ratsa lagireto ba. Ainihin laifin yakan kasance a wani wuri: lagireton da ruwan rijiya ko na burtsatse ya toshe da gishiri-gishiri, ƙaiƙayin da ya liƙe a fuskarsa lokacin sussuka, fambel da ya saki, ko murfin da ya daina riƙe iska. Murfin nan, duk da arharsa, shi ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba.

Ƙura kuwa a hankali take kisa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, motar da ke bin ayari a hanyar burji ranar kasuwar Maigatari ko Gujungu tana shaƙar ƙasa mai yawa. Matatar iska ta takarda daga ciki ake hura ta zuwa waje, ba a buga ta da dutse, kuma in ta huje ko kaɗan ta tashi daga aiki. Ta tsohuwar Land Rover ta mai ce: a wanke ta, a zuba sabon baƙin mai daidai layin da aka zana. Juyen mai a irin wannan yanayi bai kamata ya wuce kilomita 5,000 ba.

Man da aka saya a galan wurin 'yan bumburutu a tace shi da tsumma mai tsabta. Masu shan gas suna da ɗan kofi a ƙasan filta inda ruwa ke taruwa, ana kwance shi a tsiyaye.

Ruwa da yashi

A yankin Haɗeja, irin su Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, da kuma Ringim da Miga, ruwa yakan shanye hanyoyi a Agusta da Satumba. Kowa ya san haɗarin inji ya sha ruwa. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne na aksul. Bayan doguwar tafiya aksul yana da zafi. Da ya nutse a ruwan sanyi sai iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashinsa ko ta bakin sil. Motar za ta wuce lafiya, sai bayan wata biyu a fara jin kuka a baya. Dubawar ba ta cin minti biyar: a kwance notin gefen aksul, a tsoma yatsa. Mai lafiyayye ruwan zuma ne ko baƙi-baƙi, wanda ruwa ya shiga kuwa fari ne kirtif kamar kunun gyaɗa, sai a juye shi a ranar. Haka za a yi wa giya da ogzilari, a kuma ɗura giris a mahaɗan furofela har sai sabo ya turo tsoho waje. Direbobin da suka san fadama sukan ƙara wa bututun numfashin doguwar tiyo, su ɗaure bakinta a sama kusa da inji.

A yashin Babura da Sule Tankarkar da Birniwa, iskar taya ce sirrin. Ana rage ta zuwa 18 ko 20 a gejin mai faci don tayar ta baje, a tafi a hankali ba tare da karya sitiyari da ƙarfi ba, a mayar da iskar kafin a hau kwalta. In mota ta kafe, ƙara wuta binne ta yake yi. Shebur da faranti na katako a ƙarƙashin jak sun fi amfani.

Lodi

An yi akori-kurar Hilux don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na hatsi mai kilo 100, har da mutanen da ke kai. Abin da ake ɗora mata da kaka ya ninka haka. Maganin da aka saba yi shi ne ƙara ganyen sifirin, amma hakan bai ƙara wa boris ko birki ƙarfi ba, sai dai ya tura dukan gargada kai tsaye zuwa shasi, wanda yakan tsage a daidai bayan gidan direba. In za a yi waldar tsagar, sai an huda ƙarshenta don kada ta ci gaba, a kuma lulluɓe ta da faranti.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta: lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tayoyin da suka tsufa, ko da zanensu bai goge ba. A kuma tabbata duka huɗun girmansu ɗaya ne, in ba haka ba ogzilari ne zai biya.

Kayan gyara da masu gyara

Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce matattarar kayan gyara ga jihohin biyu, wanda ya gagara kuma a aika Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Kayan iri uku ne: sabo na kamfani, na hannu da aka ciro daga motocin waje, da sabo na kwaikwayo. A ƙarfe, irin su giya da aksul, na hannu mai kyau ya fi na kwaikwayo nesa ba kusa ba. A roba kuwa, wato bel da sil da tiyo da kayan birki, sai sabo mai inganci, domin araha ba ta ado. Tafiya da tsohon a hannu ita ce hanyar da ta fi tsare mutum daga sayen wanda bai hau ba. Na Hilux a wadace suke, na Land Rover kuwa sun yi wuya, shi ya sa ake ganin wasu da injin Toyota a cikinsu.

Aikin a rarrabe yake tsakanin bakanike, mai wayarin, mai walda, mai gyaran bodi da mai faci. Famfon gas da nozul aikin masu na'urar gwaji ne a birni, ba a buɗe su a ƙasa cikin ƙura.

Gado da takardu

A shari'ar Musulunci mota tana cikin dukiyar da mamaci ya bari, ana yi mata kuɗi a shigar da ita rabo. Matsala tana tasowa in magada suka ce a bar ta ta zama ta kowa: kowa zai ɗauka ya kai kayansa, ba wanda zai juye mai. Gidajen da motarsu ta daɗe akasari ɗayan biyu suka yi, ko dai ɗaya ya fanshe ta ya biya 'yan'uwansa, ko kuma aka damƙa makulli ga mutum ɗaya, ana ware kuɗin gyara daga abin da ta samo ranar kasuwa kafin a raba saura. Tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta sa wannan lissafi ya ƙara tsauri.

Kafin a kashe kuɗi a kan gyara, a mayar da takardu da sunan wanda ya mallake ta, a sabunta lasisi da inshora da shaidar lafiyar mota ta VIO. In an sauya inji, a adana rasiɗin sayensa, a kuma je a gyara lambarsa a takardun, domin lambar inji da ta shasi su ake dubawa a shingen bincike.