Motar da ke Tuƙa Kanta Ba Ta Sauke wa Direba Nauyi Ba

Motocin da ake shigowa da su daga Amurka da Turai ta Kwatano da Legas a 'yan shekarun nan sun sha bamban da waɗanda muka saba da su, domin kwamfuta ce ke sarrafa birki da totur da jakar iska mai buɗewa ta kare mutum idan an yi karo, wasunsu ma suna taka birki da kansu ko su murɗa sitiyari idan mota ta fara barin layinta. Mu ma'aikatan lafiya da ke karɓar waɗanda haɗari ya rutsa da su muna maraba da duk abin da zai rage karaya da asarar rai, amma wajibi ne jama'a su san iyakar waɗannan na'urori.

A watan Maris na 2018, a garin Tempe da ke jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta cikin dare, ta rasu. Bincike ya nuna cewa na'urorin motar sun hango matar fiye da daƙiƙa 5 kafin karon, amma kwamfutar ta yi ta sauya shawara a kan ko mota ce ko keke ko wani abu dabam, yayin da wadda aka ɗora a kujerar direba domin ta sa ido take duba wayarta. A ƙarshen 2023 kuma, kamfanin Tesla ya yi wa motoci kusan miliyan 2 gyara a Amurka, bayan hukumomi sun gano cewa tsarinsa na taimaka wa direba tuƙi mai suna Autopilot ba ya tilasta wa direba mai da hankali yadda ya kamata.

Wannan fa a titunan da aka shafa musu layi ne. A wurinmu layin ya goge a hanyoyi da dama, ƙurar hunturu tana toshe idon kamara, ga ramuka da dabbobi da babura masu kutsowa ta ko'ina, abubuwan da ba a gina na'urar da su a zuciya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne fitilun gargaɗi. Fitilar jakar iska ko ta birki takan kama a gaban direba, sai a kai motar wurin mai gyaran wayoyin mota ya cire ƙwan ko ya liƙe shi da baƙin salatif, a ce an gyara, alhali matsalar tana nan, kuma ranar da aka yi karo jakar na iya ƙin buɗewa. Duk wanda fitila ta kama masa, ya nemi bakaniken da ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, kuma kafin ya sayi ta gwanjo ya sa a duba ko ambaliya ta taɓa cinye ta, domin ruwa yana cin wayoyi a hankali. Direba ya riƙa goge gilashin gaba da idanun kamara kafin tafiya, ya ɗaura bel, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ko da motar tana gyara layi da kanta.