Farashin Gidaje da Ƙarfin Mallakarsu a Ƙasashen Duniya

Ƙarfin mallakar gida shi ne gwargwadon yadda iyali mai matsakaicin samu zai iya sayen muhalli ko kama haya ba tare da kuɗin ya cinye abin da za a ci, a yi magani, a kai yara makaranta da shi ba. Farashin gida shi kaɗai ba ya nuna wannan. Gidan dala 400,000 a wurin da iyali ke samun dala 80,000 a shekara ya fi sauƙin mallaka a kan gidan dala 60,000 a wurin da ma'aikaci ke karɓar dala 300 a wata: na farko samun shekara 5 ne, na biyu kuwa ya haura samun shekara 16. Shi ya sa masana tattalin arziki ke ɗora farashi a kan kuɗin shiga, da kuɗin ruwan bashi, da dokokin filaye kafin su ce ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza tsadar muhalli.

Yadda ake aunawa

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne a raba farashin gida na tsakiya da kuɗin shigar iyali na tsakiya a shekara. Ana cewa "na tsakiya" ne saboda idan aka jera gidajen da aka sayar daga mafi araha zuwa mafi tsada, wanda ya faɗo tsakiya ake ɗauka, domin kada manyan gidajen attajirai ƙalilan su ja lissafin sama. Rahoton Demographia, wanda Wendell Cox da Hugh Pavletich suka fara fitarwa a 2005, da wannan ma'auni yake aiki. A wurinsa ninki 3 ko ƙasa da haka gida ne mai sauƙin mallaka, daga 5.1 zuwa sama tsadar ta yi tsanani, a 2024 kuma aka ƙara wani rukuni na ninki 9 zuwa sama domin biranen da mallakar gida ta gagari mai matsakaicin albashi. Rahoton ƙasashe 8 kawai yake dubawa, don haka ba hoton duniya ba ne gaba ɗaya.

Ma'auni na biyu shi ne kason da muhalli ke ci a cikin samun wata. A Amurka ana ɗaukar wanda ke kashe sama da kashi 30 cikin 100 a matsayin wanda nauyin ya yi masa yawa. Asalin wannan doka ce ta 1969 da ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25, daga baya a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai kuma kashi 40 take amfani da shi. Raunin wannan ma'auni a fili yake: kashi 30 na albashin babban ma'aikaci yana bar masa rara mai yawa, kashi 30 na albashin lebura kuwa daga bakin 'ya'yansa ake cirewa.

Sai kuɗin ruwa, wanda ninkin farashi ba ya nunawa sam. Mutumin da ya ci bashin dala 300,000 na shekara 30 a kan ruwa kashi 3 zai riƙa biyan kusan dala 1,265 a wata. Wannan bashin dai a kan kashi 7 ya koma kusan dala 1,996. Gidan bai canza ba, farashinsa bai motsa ba, amma an ƙara wa mai saye sama da dala 700 kowane wata har tsawon shekara 30.

Inda abin ya fi tsanani

Hong Kong ta shafe sama da shekara 10 tana kan gaba a jerin Demographia. A rahoton 2022 ninkinta ya kai 23.2, sannan ya sauko zuwa 16.7 a rahoton 2024 bayan farashi ya faɗi. Kusan duk ƙasar Hong Kong mallakar gwamnati ce, tana ba da ita haya na dogon zango, kuma kuɗin filayen sun daɗe suna cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta. Kusan kashi 40 na ƙasar gandun daji ne da aka hana gini a ciki. Sakamakon haka, sama da mutum 200,000 suna zaune a gidajen da aka yanyanka zuwa ƙananan ɗakuna, inda gado da tukunyar girki da teburin karatun yaro suke a wuri ɗaya, wani lokaci ma bayan gida na gefen murhu. Abin da ke rage raɗaɗin shi ne kusan rabin jama'ar na zaune a gidajen da gwamnati ta gina ko ta tallafa.

A rahoton 2024, bayan Hong Kong sai Sidni ta Ostireliya, mai ninki kusan 14, da Vancouver ta Kanada, mai sama da 12. Abin lura a nan shi ne ƙasashen biyu suna cikin mafi faɗin ƙasa a duniya. Ba fili ne ya yi ƙaranci ba. Ayyukan yi ne suka taru a birane ƙalilan, dokokin gari kuma suka ware mafi yawan unguwanni ga gida ɗaya tilo a kowane fuloti, alhali baƙi na ta shigowa.

Amurka da Ingila

A Amurka matsakaicin farashin gidan da aka taɓa zama a ciki ya haura dala 400,000 a 2024, kuɗin shigar iyali na tsakiya kuma kusan dala 80,000 ne, wato ninki 5 ke nan. Amma wannan adadi yana ɓoye bambanci mai yawa. Pittsburgh tana wajen ninki 3, biranen gaɓar Kalifoniya irin su San Jose da Los Angeles kuwa sun haura 10. Amurka ta fita daban da bashin shekara 30 wanda ruwansa ba ya canzawa, tsarin da hukumomin Fannie Mae, da aka kafa a 1938, da Freddie Mac, da aka kafa a 1970, suke riƙe da shi ta hanyar sayen basussukan daga bankuna. A farkon 2021 ruwan wannan bashi ya sauka zuwa kashi 2.65, a Oktoban 2023 ya kusa kashi 8. Waɗanda suka ci bashi lokacin araha suka ƙi sayar da gidajensu don kada su rasa wannan rangwame, gidajen kasuwa suka ragu, farashi ya ƙi sauka duk da tsadar bashi. Matasan da ba su riga sun shiga ba su ne suka kwana ciki.

A Ingila hukumar ƙididdiga tana auna farashi da albashin ma'aikaci ɗaya mai cikakken aiki. A 1997 ninkin kusan 3.5 ne. A 2024 gida na tsakiya ya kai fam 290,000, ninki 7.7 na albashi, a Landan kuma ya wuce haka nesa. Dokar tsara birane ta 1947 ta sa kowane gini sai da izinin hukuma, an kuma kewaye manyan birane da filayen da aka hana ginawa. Daga 1980, a zamanin firayim minista Margaret Thatcher, aka ba 'yan hayar gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da rahusa. Kusan gida miliyan 2 aka sayar a haka, ba a kuma gina madadinsu daidai da yawansu ba.

Ƙasashen da haya ba abin kunya ba ce

Yawan masu gidan kansu ba shi ne alamar arzikin ƙasa ba. A Jamus ba su kai rabin jama'a ba, a Siwizalan sun fi haka ƙaranci, duk da cewa ƙasashen biyu na cikin mafi wadata a Turai. Doka ce ta kare ɗan haya: mai gida ba ya tashinsa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ƙarin kuɗin haya yana da iyaka, mutum yakan yi shekara 20 ko 30 a gida ɗaya. A Romaniya kuwa kusan kashi 95 na jama'a a gidan kansu suke, saboda bayan faɗuwar kwaminisanci a 1989 an sayar wa mazauna gidajen gwamnati a kan kuɗi kaɗan, sai dai cunkoso a cikin gida ya fi yawa a can fiye da mafi yawan ƙasashen Tarayyar Turai.

Birnin Vienna na Ostiriya ya bi wata hanya tun shekarun 1920. Hukumar birnin tana da gidaje kusan 220,000 na kanta, daga cikinsu har da doguwar unguwar Karl-Marx-Hof da aka kammala a 1930, kuma kusan rabin mazauna birnin suna cikin gidajen hukuma ko na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Tun da ba talakawa kaɗai ake ba su ba, zama a cikinsu bai zama tambarin fatara ba, yawansu kuma yana danne hayar 'yan kasuwa.

Gabashin Asiya

Singafo ƙaramin tsibiri ne, amma kusan kashi 90 na iyalan 'yan ƙasa da mazaunan dindindin sun mallaki muhallinsu. Hukumar gidaje ta HDB, da aka kafa a 1960, ita ta gina benayen da kusan kashi 80 na mazauna ke ciki, tana sayar da su a kan yarjejeniyar shekara 99. Tun 1968 aka yarda ma'aikaci ya taɓa asusun ajiyarsa na tilas ya biya kafin alƙalami da kuɗin wata-wata. Baƙon da ke son sayen gida kuwa, tun Afrilun 2023, sai ya biya ƙarin harajin kashi 60 na farashin. Abin da ya sa tsarin ya yiwu shi ne gwamnati ta mallaki mafi yawan ƙasar tun da wuri. Ƙasar da ba ta yi haka ba zai yi mata wuya ta kwafe shi.

Japan ta ga tashin gwauron zabi na farashin filaye da gidaje a shekarun 1980, kasuwar ta fashe a farkon shekarun 1990, farashin filaye ya yi ta sauka shekara da shekaru. Gwamnatin tsakiya ce ke tsara dokokin gini, kuma suna da sassauci, don haka Tokiyo ta ci gaba da gina gidaje da yawa, haya kuma ta daɗe ba ta yi wani tashi ba duk da ƙaruwar jama'ar birnin. A Japan gini yana rasa daraja ne da tsufa, filin ne ke riƙe kuɗi. A 2023 an ƙidaya gidaje kusan miliyan 9 da babu kowa a ciki, da yawansu a garuruwan da matasa suka bari, a daidai shekarar da matsakaicin farashin sabon gidan bene a tsakiyar Tokiyo ya haura yen miliyan 100.

A Sin, gyaran 1998 ya kawo ƙarshen raba wa ma'aikata gidaje daga wuraren aikinsu, kasuwa ta buɗe. Filayen birane na gwamnati ne, ana sayen izinin zama na shekara 70. Gida ya zama babbar ma'ajiyar dukiyar iyali, iyaye da kakanni na haɗa abin da suka tara don saya wa ɗa guda, farashi a Beijin da Shanghai da Shenzhen ya yi wa albashi nisa ƙwarai. Da gwamnati ta taƙaita bashin kamfanonin gini a 2020, kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashinsa a 2021, mutane da dama kuma suka tsinci kansu suna biyan bashin gidajen da ba a gama ginawa ba. Koriya ta Kudu na da nata tsarin mai suna jeonse, inda ɗan haya ke ajiye wa mai gida dunƙulallen kuɗi, sau da yawa sama da rabin darajar gidan, ya zauna ba biyan wata-wata, a mayar masa idan zai tashi.

Ƙasashe masu tasowa

A mafi yawan Afirka kudu da Sahara, da Kudancin Asiya, da sassan Latin Amurka, waɗannan ma'aunai ba sa kama gaskiyar lamari. Cinikin gidaje da yawa ba ya shiga rajista, filaye da yawa ba su da takardar mallaka da banki zai karɓa jingina, ruwan bashi kuma yakan yi tsadar da ba mai albashin da zai iya ɗauka. Iyali kan sayi fili, ya zuba harsashi, ya jira, ya ɗora bulo, ya sake jira, ya tare a ɗaki ɗaya kafin a rufa sauran. Gidajen da kamfanoni ke ginawa kuwa na 'yan tsiraru ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan 1 ne ke zaune a unguwannin da ba su da tsari. Afirka ta Kudu ta gina wa marasa ƙarfi gidaje kusan miliyan 3 tun 1994, amma da yawansu a bayan gari, nesa da wurin aiki, sai kuɗin mota ya cinye abin da aka rage na haya. Inda kuɗin ƙasa ke yawan faɗuwa, kamar Ajantina, da dalar Amurka ake sa wa gida farashi, galibi kuma a biya lakadan.

Abin da gwamnatoci suka gwada

Sauƙaƙa bashi ba tare da ƙara gidaje ba yakan ƙare ne a ƙarin farashi, domin masu saye sun ƙaru, abin saye bai ƙaru ba. Idan bashin ya wuce kima kuma akan ga abin da ya faru a Ayalan, inda farashi ya faɗi da kusan rabi tsakanin 2007 da 2013, dubban iyalai suka rage da bashin da ya fi darajar gidansu. Niyu Zilan a 2018 da Kanada a 2023 sun hana mafi yawan baƙi sayen gidaje, matakin da ke da farin jini a siyasa, sai dai baƙin ƙaramin kaso ne na masu saye. Matakin da ya fi nuna tasiri a fili shi ne sakin dokar gini: a 2016 birnin Auckland ya ba da damar yin gidaje da yawa a fuloti ɗaya a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamansa, cikin 'yan shekaru izinin gina sabbin gidaje ya kusa ninkawa, hayar birnin kuma ta tashi a hankali fiye da ta sauran sassan ƙasar.