Ajiyar haɗaɗɗen man motocin rimot masu injin tu-sitirok

Haɗaɗɗen mai shi ne fetur da aka gauraya da man 2T domin injin tu-sitirok, wato injin da fistinsa ke kammala aiki da hawa ɗaya da sauka ɗaya. Irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai ta daban. Man da ke cikin fetur shi ke shafe fistin da ringi da boris kafin ya ƙone. Manyan motocin wasa masu rimot, waɗanda girmansu ya kai kashi ɗaya cikin biyar na motar gaske, irin su HPI Baja 5B da Losi 5IVE-T, da shi suke tafiya, kuma yawancinsu injin bai wuce cc 23 zuwa 32 ba. Dangin injin yankan katako ne da ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa mai a cikin tanki.

Awo da haɗi

Awon da aka fi bi a waɗannan motoci shi ne 25:1, wato mililita 40 na man 2T a kowace litar fetur, ko mililita 200 a jarka mai lita biyar. Masu amfani da man sintetik mai kyau kan sassauta zuwa 32:1, kimanin mililita 31 a lita. Ƙaramin janareta kuwa galibi 50:1 ake haɗa masa, rabin abin da motar ke buƙata ke nan, don haka ba a ɗiba daga jarkarsa a zuba mata. Man da ya dace shi ne mai tambarin JASO FD ko ISO-L-EGD. Wanda ke ɗauke da TC-W3, irin na injin jiragen ruwa da ke zirga-zirga a Kogin Kwara wajen Yawuri, an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa, zafin injin motar rimot ya fi ƙarfinsa.

Ana fara zuba rabin fetur a jarka, a auna mai da sirinji a zuba, a rufe a girgiza, sannan a cika da sauran a sake girgizawa. Awon murfin kwalba ko na ido ba awo ba ne.

Tsawon rayuwarsa

Man 2T da ba a buɗe ba yana shekaru lafiyarsa ƙalau. Fetur ne ke mutuwa, kuma da zarar an haɗa su, kwanakin fetur ake ƙirgawa. Kamfanin Stihl, mai ƙera injunan yankan katako, yana ba da shawarar kada haɗin ya wuce kwana 30. Wannan ƙiyasi na wuri mai sanyi ne. A Birnin Kebbi, Argungu ko Jega, inda zafin rana kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje turiri, mako biyu ya fi zama abin dogaro a bazara. Sauyin da ke lalata fetur yana kusan ninka saurinsa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri goma. Ga shi tankin motar bai cika lita ɗaya ba, saboda haka lita ɗaya ko biyu ta ishi wasan Asabar da Lahadi, babu dalilin haɗa galan guda a jibge.

Ranar da aka saya ma ba ita ce ranar haihuwar fetur ba. Na 'yan bumburutu ya riga ya sha rana a cikin robobi a bakin titi, wani lokacin da ɗigon kananzir ko ruwa a ciki. Na gidan mai da ake yawan ciniki ya fi.

Yadda yake lalacewa

Abin da ke fara guduwa shi ne ɓangarensa mara nauyi, wanda ke saurin zama tururi ya kama wuta lokacin da injin yake a sanyaye. Shi ne ke kumbura jarka har ta yi fis idan an buɗe. Man 2T ba ya bin iska, don haka awon 25:1 sai ya karkata, ruwan ya yi kauri, a yi ta jan igiya har hannu ya gaji injin bai tashi ba.

Mafi muni shi ne danƙo. Iska tana haɗuwa da fetur ta mai da shi wani abu mai yauƙi, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar ƙaro a jikin bishiya. Kafiretar waɗannan injuna, yawanci ƙirar Walbro, ba ta da kwanon mai irin na babur. Wata siririyar fatar roba ce ke motsi tana tsotso mai, ya ratsa ƙaramar raga, ya bi ta ramuka masu faɗin bakin allura waɗanda allurai biyu, H ta gudu mai ƙarfi da L ta silo, ke daidaitawa. Danƙo kaɗan ya isa ya rage ramin H. Injin zai tashi, har ƙararsa ta ƙara kaifi kamar ya samu lafiya, alhali mai ya ragu iska ta yi yawa. Tun da abin shafawar a cikin fetur ɗin yake, raguwarsa raguwar shafawa ce. Zafi ya hau, fistin ya kumbura ya goge jikin silinda, injin ya buga. Idan aka kwance salansa aka leƙa da tocila, za a ga zane-zane a tsaye a jikin fistin. A nan gyara ya tashi daga wankin kafireta ya koma sayen fistin da silinda, waɗanda sai an yi odarsu daga waje.

Ruwa kuma matsalar damina ce. Idan akwai sinadarin etanol ko metanol a fetur, yana janyo laima daga iska har ruwan ya rabu ya kwanta a ƙasa. Matatar da ke bakin tiyo a ƙasan tanki take, ita za ta fara zuƙo wannan ruwa da ba shi da man shafawa. Ba baƙon abu ba ne a Najeriya: a watan Fabrairun 2022 hukumomi sun janye fetur da aka shigo da shi bayan an gano metanol ya yi yawa a ciki. Gwajin mai sauƙi ne. A zuba ruwa mililita 10 a kwalba mai awo, a cika da fetur zuwa 100, a girgiza a bari ya kwanta. In layin ruwan ya ɗaga, akwai etanol ko metanol a ciki.

Mazubi da wurin ajiya

Jarkar ƙarfe mai marfi da roba, ko jarkar fetur mai alamar HDPE da lamba 2 a gindinta, su ne suka dace. Robar ruwan sha ba a yi ta don fetur ba, haske na ratsa ta, marfinta na sakin tururi, ga haɗarin yaro ya ɗauka ya kurɓa, musamman da yake man 2T kan rina fetur ya yi kalar lemo. A bar sarari kaɗan a sama saboda kumburi, amma kada ya yi yawa, don jarka mai lita biyar da lita ɗaya a ciki iska ce ta cika ta. A rubuta rana da awo a jiki, a ajiye a inuwa a ƙasa, nesa da madafa da janareta da ɗakin kwana. A hunturu a goge bakin jarka da mazurari kafin a zuba, ƙura na bin mai har raga. Kowane lokaci a girgiza kafin amfani.

Maganin tsawaita fetur irin STA-BIL yana aiki idan an zuba shi ranar da aka sayo, ba ya tayar da wanda ya riga ya mutu.

Motar da za ta kwana fiye da mako biyu ba a kunna ba, a juye tankinta, a matsa ƙwallon famfon kafireta har ya daina kawo mai, a kunna a bar ta a silo har ta mutu da kanta, ba tare da an ba ta wuta ba. Wasu na ganin bushewar kan sa fatar kafireta ta sandare. Haka ne, amma fatar ta fi silinda araha.

Gane wanda ya lalace

A zuba kaɗan a kwalbar gilashi kusa da sabon haɗi. Wanda ya tsufa ya fi duhu, warinsa ya koma na tsohon fenti mai tsami, wani lokacin ya yi hazo ko a ga ɗigo-ɗigo a ƙasa. Ƙara masa sabon mai ba ya gyara shi. In babu ruwa a ciki, ana iya tace shi a riƙa sa kaɗan-kaɗan a cikakken tankin tsohon injin ban-ruwa, wanda bai cika tsirfa ba. Ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, ba a kuma hura wuta da shi.

Ƙananan motoci masu injin naitiro nasu man daban ne: metanol da naitirometen da man shafawa, a haɗe ake sayensa. Galan da ba a buɗe ba kan wuce shekara a inuwa, amma metanol mayen laima ne, minti kaɗan a buɗe a watan Agusta ya isa ya fara shan ruwa. Bayan wasa ana ɗiga man kariya ta ramin fulogi a juya injin, don kada tsatsa ta kama boris.