Ranar 24 ga Maris da Masu Ajiye Maganin Tarin Fuka a Rabin Hanya

A ranar 24 ga watan Maris na shekarar 1882 ne wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya tsaya gaban masana a birnin Berlin, ya sanar da cewa ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa tarin fuka, wanda muke kira tibi, a lokacin da ciwon ke kashe mutum ɗaya cikin kowane bakwai a Turai da Amurka. Da cikar shekara ɗari, wato a 1982, aka kawo shawarar keɓe ranar domin tunawa da wannan ciwo a duniya baki ɗaya. A zamanin Koch babu maganin da ke warkar da shi, amma yau akwai, kuma a Najeriya gwaji da magani duka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka tanada.

Duk da haka, 'yan uwana na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende a nan Legas, abin da nake gani a ɗakin ba da magani inda nake aiki yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganin nan na wata shida ne, ba wata biyu ba ne. Mutum zai zo ana riƙe da shi, yana tari har da jini, zufa na jiƙa masa riga da dare, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Mu buɗe masa kati, ya fara sha. Kafin wata biyu tari ya lafa, abinci ya fara shiga, kumatu sun ciko, sai ya ce Alhamdu lillahi ya warke, ya koma turin baro ko gadi, ba mu sake ganinsa ba. Akwai irin waɗannan katuna a aljihun teburina, an cike layin wata biyu na farko, sauran layukan fayau.

Jin sauƙi ba shi ne warkewa ba. Ƙwayoyin cutar masu taurin kai suna nan a huhu, kuma idan aka tsayar da magani sai su farfaɗo, wani lokaci su zama waɗanda maganin farko ba ya iya kashewa. Wani matashi ɗan ci-rani da na sani ya tafi gida noma da faɗuwar damina ba tare da ya sallame mu ba, ya dawo bayan kaka abokansa biyu suna tallafe da shi, ga shi kuma ɗaki guda suke kwana su takwas, taga a rufe saboda sauro. Wa ya san mutum nawa suka shaƙi tarinsa, a nan Legas da can gida wajen matarsa da 'ya'yansa?

Na san ba ganganci ne kaɗai ba. Na san kuɗin mota, na san wanda bai fita aiki ba yau ba zai ci ba, na kuma san fitsarin da ke komawa ja yana tsorata mutane, alhali aikin ɗaya daga cikin magungunan ne kawai. To amma ku zo ku faɗa mana, kada ku yanke wa kanku hukunci. Wallahi babu likitan da ya ce a daina a wata biyu, kuma jiƙo ko maganin tari na kemis ba sa maye gurbinsa.

Wanda tarinsa ya kai mako biyu ya je a gwada majinarsa. Wanda ya fara magani ya sha kullum har ma'aikacin lafiya ya sallame shi da bakinsa. Mai niyyar tafiya Arewa noma ko Sallah ya zo ya karɓi takardar da za ta ba shi damar ci gaba da karɓar magani a garinsu. A buɗe taga, a rufe baki lokacin tari, a kawo abokan kwana su ma a duba su.

Ina roƙon malamai limamai da sarakunan Hausawa da iyayen gida a kasuwa, idan yaronku yana shan wannan magani, ku nemi ganin katinsa, kada kuma ku saka shi a mota zuwa gida sai kun ga takardarmu a hannunsa.