Azabtarwa wajen bincike: tsakanin tsaro da ƴancin ɗan Adam

Azabtarwa, ko gana azaba, ita ce a ji wa mutumin da ke hannu ciwo mai tsanani da gangan, a jiki ko a zuci, don ya tona asiri, ko ya amsa laifi, ko a hukunta shi, ko a tsorata shi da waninsa. Haka yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ta fassara ta. An amince da yarjejeniyar ranar 10 ga Disamba 1984, ta fara aiki 26 ga Yuni 1987, Nijar kuma ta shiga a 1998. Akwai sharaɗi guda: sai da hannun ma'aikacin hukuma, ko umurninsa, ko kawar da kansa. Dukan kawo wuƙa da taro ke yi wa ɓarawo a kasuwa laifi ne na daban. Amma in jandarma yana tsaye yana kallo, ko hukuma ta sakar wa ƴan banga mara su ɗaure mutum su "tambaye shi", magana ta shiga gonar yarjejeniyar.

Abin da doka ta ce

Haƙƙoƙi da yawa ana iya taƙaita su lokacin dokar ta-ɓaci: a hana yawo da dare, a hana hawan babur, a rufe kasuwa. Hanin azabtarwa ba ya cikinsu. Sashe na 2 na yarjejeniyar ya ce yaƙi ko tashin hankali ko wani halin gaggawa ba ya zama uzuri, haka nan "oga ne ya sa ni". Sashe na 3 ya hana miƙa mutum ga ƙasar da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za ta azabtar da shi, na 15 kuma ya hana kotu karɓar maganar da aka tatsa da azaba. Nijeriya ta yi dokarta a 2017, Nijar ta sa laifin cikin kundin hukunci a 2020. Dokar ta taɓa cizon babba: a 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, ɗaurin rai da rai, kuma azabtarwa na cikin laifuffukansa.

Hujjar masu cewa a matsa

Turawa suna kawo misalin bam da aka dasa wanda saura kaɗan ya tashi, ga kuma wanda ya san inda yake a hannu. A jihar Maradi ba a bukatar ƙirƙirar misali. A ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, kusa da iyaka, ƴan bindiga suna shiga da dare su kora shanu, su tafi da mutane don kuɗin fansa. Kashegari sai a kama wani da ake zargin shi ne mai kai musu rahoto. Uban da aka tafi da ɗiyarsa in ya ce a matsa wa mutumin nan har ya faɗi inda take, ba mugunta ce ta sa shi ba, kuma bai kamata a raina maganarsa ba. Lissafinsa shi ne: wahalar mutum ɗaya mai laifi, ko ran wadda ba ta ci ba ba ta sha ba?

Sai dai lissafin yana tsaye ne kan abubuwa huɗu da ba a cika samun su tare ba: cewa shi ɗin ne, cewa ya san wurin, cewa zai faɗi gaskiya, kuma cikin lokaci. Mai duka bai san ko ɗaya ba lokacin da ya ɗaga bulala. Da ya sani, da bai bukaci tambaya ba. Sau da yawa sunan da aka bayar ya fito ne daga tsohuwar gaba kan gona ko burtali ko bashi.

A 2002 a Frankfurt ta Jamus an yi irin wannan a zahiri. Wani ya sace yaro ɗan shekara 11, mataimakin shugaban ƴan sandan birnin ya sa a yi masa barazanar azaba. Ya nuna wurin, aka tarar ya riga ya kashe yaron tun kafin a kama shi. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a 2010 barazanar kanta haramtacciya ce.

Jiki magayi, amma me yake gaya?

Masu duka sukan ce jiki magayi. Abin da jiki ke gaya wa mai shi shi ne ya faɗi duk abin da zai sa a daina. Mai laifi da marar laifi duka suna magana, kuma mai tambaya ba shi da ma'aunin rarrabewa. Ciwo da tsoro da rashin barci suna rikita tunawa, har mutum ya gauraya abin da ya gani da abin da aka sa masa a baki. In aka ce "ba wane ne ya aike ka ba?", zai ce shi ne. A kamo wane, shi ma ya ba da sunaye biyu, ma'aikata su ƙare kwanaki suna bin sawun banza yayin da masu laifin suka tsallaka daji.

Amurka ta gwada da kuɗi da likitoci. Rahoton kwamitin majalisar dattawanta na Disamba 2014 ya ce hanyoyin matsi da hukumar leƙen asiri ta CIA ta bi ba su zama ingantacciyar hanyar samun bayani ba, kuma cikin mutum 119 da ta tsare, aƙalla 26 bai kamata a tsare su ba. Hukumar ta musanta wani ɓangare na rahoton. Wani fursuna mai suna Ibn al-Shaikh al-Libi, da aka miƙa wa Masar, ya ce Iraƙi ta koyar da Alƙa'ida makamai masu guba. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya kafa hujjar yaƙar Iraƙi da wannan a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, daga baya fursunan ya janye maganarsa, ya ce azaba ce ta sa shi faɗar ta.

Babbar asarar ita ce ta ƙauye. Tsaron karkara yana rayuwa ne kan makiyayi ko mai sayar da fetur a kwalba da zai zo ya ce ya ga baƙin babura. Ranar da aka maido ɗan'uwansa hannu a shanye, bakinsa ya rufu ke nan.

Malamai

A Sahihu Muslim, Hisham ɗan Hakim ya ga an tsayar da mutane cikin rana a Sham saboda haraji, ya ce ya ji Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana cewa Allah zai azabta masu azabtar da mutane a duniya. Mafi yawan malaman fiƙihu ba su karɓar iƙirarin wanda aka tilasta. Gaskiya ne wasu, har cikin Malikiyya, sun yi sassauci kan wanda ya shahara da ɓarna. Imam Gazali ya ƙi, da hujjar cewa mai yiwuwa wanda ake duka ba shi da laifi, kuma kuɓutar mai laifi ta fi sauƙi a kan dukan marar laifi.

Abin da ke hana ta

Galibi azaba tana faruwa ne a awoyin farko, kafin kowa ya san inda mutum yake. Shi ya sa kariyar take cikin ƙananan abubuwa: a rubuta suna da lokacin kamu cikin rajista, a sanar da iyali, likita ya duba shi shiga da fita. A Nijar tsarewar bincike kan laifi na yau da kullum awa 48 ce, sai da izinin mai gabatar da ƙara a ƙara, kuma ƙa'idar 2014 ta ƙungiyar UEMOA (ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa) ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga kamu. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2021 da ake kira na Mendez sun tsara yadda ake tambaya ba tare da azaba ba: a tattara shaida tukuna, a bar mutum ya ba da labarinsa ba katsewa, sannan a fito masa da abin da aka sani ɗaya bayan ɗaya, a ga inda maganarsa ta saɓa.

Wanda aka sako bayan duka a kai shi asibiti ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa. Tsokar da aka farfasa tana sakin wani sinadari cikin jini da ke toshe ƙoda, musamman ga wanda ya kwana cikin zafin bazara ba ruwa. Alamarsa fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ya ragu sosai, kuma yana iya kisa cikin kwanaki. Ɗaurin gwiwar hannu ta baya da ratayewa suna kashe jijiya, yatsu su mutu. A nemi likita ya rubuta kowane rauni da girmansa da wurinsa, kamar yadda ƙa'idar Istambul ta 1999 kan tattara shaidar azabtarwa ta tsara, a ɗauki hoto da kwanan wata, domin kumburi da shatar bulala suna ɓacewa cikin mako biyu zuwa uku.