Awa 1,500: Wa Dokar Ta Hau Kansa, Kuma Ina Malamin Tuƙi Ya Tsaya?

Ɗan yayata ya gama koyon tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya, ya zo ya same ni a gida a Kubwa ransa a jagule. Ya ce, "Kawu, wai sai na tara awa 1,500 kafin wani kamfani ya dube ni, ni kuwa ɗari biyu da 'yan kai gare ni." Maganar nan ta daɗe tana karya gwiwar yaranmu, alhali an haɗa dokokin ƙasashe biyu ne aka dama.

A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba matuƙa lasisi, kuma ƙa'idojinta suna bin sawun na hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO. Lasisin tuƙi na neman abinci, wanda ake kira CPL, yana buƙatar awa 200 a sama, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Mai wannan lasisi, in ya ƙara da shaidar tuƙi da na'urori zalla, da ta jirgi mai inji fiye da ɗaya, da horo kan ainihin samfurin jirgin da kamfani ke aiki da shi, doka ba ta hana shi zama mataimakin matuƙi ba. Awa 1,500 sharaɗin babban lasisi ne, ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja mai matuƙa biyu, kuma sai mutum ya cika shekara 21.

Amurka ce ta ɗora wa mataimaki ma wannan nauyi. Bayan faɗuwar jirgin kamfanin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, majalisarsu ta yi doka a 2010, ta fara aiki a 2013. Shi ya sa a can sababbin matuƙa da yawa suke komawa koyarwa don su tara awanni. Mu a nan kamfani yana iya gindaya nasa adadin awanni, amma wannan sharaɗin mai ɗaukar aiki ne.

To me ya sa koyarwa ke jan hankali? Sai mai CPL ya yi wani kwas daban, ya ci jarrabawa a ƙasa da kuma a sama, sannan a rubuta masa izinin koyarwa a lasisinsa. Daga nan, duk sa'ad da ya tashi da ɗalibi, shi ne shugaban jirgin a idon doka, kuma haka awannin ke shiga littafinsa. Jiya shi ke biyan kuɗin mai da haya, yau shi ake biya. Ga ɗan talaka wannan babbar ƙofa ce.

Sai dai awa suna ta tara. A ma'aunin ICAO, cikin 1,500 ɗin nan dole a sami 200 na tafiya daga wannan fili zuwa wancan, 100 na dare, 75 na tuƙi da na'urori, irin wanda hazon hunturu ke tilasta wa mai sauka a filin jirgin Jos da ke Heipang. Na'urar kwaikwayon tashi ba a ƙirga mata fiye da awa 100. Malamin da ya shekara yana kewaya fili ɗaya da rana tsaka, tashi sauka, tashi sauka, zai ga jimla tana hawa amma waɗannan gurabe suna nan wayam. Turai ma ta ƙara da awa 500 a jirgin da matuƙa biyu ke tuƙawa, abin da ƙaramin jirgin koyo ba ya bayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauki ɗalibi tamkar tsani. Ran ɗan wani ne a hannunka, kuma ɗabi'ar da ka koya masa a awa goman farko ita zai ɗauka har ya tsufa. Ƙara awa ta ƙarya a littafi kuwa laifi ne da ke iya cinye lasisi ɗungurum.

Na sa yaron ya ɗauko littafinsa muka bi shi shafi-shafi. Gurbin dare ne ya fi rama, don haka ya ce duk makarantar da zai nemi koyarwa, tambayarsa ta farko ita ce ko suna tashi bayan magariba.